Rasuwar Rariya, Durowar Wasiƙun Bodinga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Ɗantani Yakubu, tsohon magatakardan Ƙungiyar Manoman Albasa da Hatsi reshen Bodinga, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Bodinga da Shagari, da Danchadi da Lambara da Kajiji, da duk ƙauyen da babur ɗin ƙungiya ya taɓa kai wa takarda, rasuwar abokiyar aikinsa, durowar wasiƙu wadda aka fi sani da Rariya. Ta rasu da hantsin Talatar da ta gabata, cikin watan Agustan nan na 1984, a ɗakin ajiyar buhuna da ke bayan ofis, bayan jinyar wata goma sha ɗaya. Shekarunta biyar a duniya. Ta faɗi ne rub da ciki, babu kowa kusa da ita.

An haife ta a Shagari, a hannun Bala kafinta, a shekarar da farar hula suka karɓi mulki. Da katakon maɗaci ya yi ta. Tsayinta ya kai kafaɗar namiji, tana da aljihu ɗari da ashirin, kowane da ɗan mariƙinsa na tagulla. Ranar da aka kawo ta Bodinga a bayan akori-kura, sai da ƙarti shida suka kama kafin ta shiga ofis, kuma sai da aka cire ƙyauren ƙofa.

Ga waɗanda ba su san aikinta ba, ga yadda yake. Ƙauyukanmu ba su da gidan waya, saboda haka manoma da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da aka turo mana duk da jakar wasiƙun ƙungiya suke amfani. Zamanin siyasa kuwa ya zo da ambaliyar takarda. Wannan ta ce ka ci gasar da ba ka shiga ba. Waccan ta ce an ware maka kujerar Makka. Wata ta ce akwai aikin kamfani a Legas yana jiran ɗanka, wata kuma ta ce ka kwafe ta sau goma ka rarraba, in ba haka ba masifa ta sauka gidanka. Mutum yakan bar ban ruwa a fadamar Danchadi, ya tako har Bodinga don a karanta masa wasiƙa, ya tarar da shirme. Wani ma ba ya gane shirme ne sai ya sayar da tunkiya.

Wannan ne ya sa Malam Ɗantani ya ba kowane mutum aljihunsa. In an karanta wa mutum wasiƙa, sai a tambaye shi, ta gaske ce ko ta banza? Abin da ya ce, shi ke nan. Malam sai ya yanke fuskar ambulan, wurin da rubutun hannu da hatimi da sunan mai aikowa suke, ya ɗinke ta a jikin katin mutumin da ke cikin aljihunsa. Ta gaske da farin zare, ta banza da ja. Gobe in wata wasiƙa ta zo, sai ya jawo aljihun mai ita ya gwada. Wadda ta yi kama da masu farin zare ta hau babur. Wadda ta yi kama da masu ja ta kwanta a kwando, sai ranar kasuwa mai ita ya duba in yana so. Haka durowar ta yi ta koyo, wata bayan wata, har ta san mutanenta fiye da yadda maƙwabtansu suka san su. Manoma ne suka raɗa mata suna Rariya, don ita ke tace musu gari.

Cikin kyawawan halayenta, wanda ya fi tsaya wa Malam Ɗantani a rai shi ne, ba ta taɓa yi wa mutane kuɗin goro ba. Wasiƙa mai hatimin Kumasi, a aljihun mutum goma sha tara jan zare ce, don daga can wani mayaudari yake aiko da alkawarin zinari. Amma a aljihun tsoho Mijinyawa na Danchadi fara ce sol, domin ƙanensa na can yana fataucin goro shekara talatin. Rariya ba ta taɓa hana tsohon nan labarin ɗan uwansa don abin da wasu suka ce ba. Ba ta da gulma. Abin da ke aljihu na tara, aljihu na goma bai taɓa ji ba. Ba ta shiga jam'iyya ba, ko da yake wasiƙun kowace jam'iyya sun bi ta cikinta. Ba ta cin komai sai man gyaɗa cokali ɗaya da ake shafa wa gefen aljihunta in damina ta kumbura su.

Muryarta kaɗan ce, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencin ofis zai tuna ta. In an jawo aljihu takan ce ƙiiir. In an mayar takan ce ƙwas. Aljihu na arba'in da bakwai kaɗai ke da tasa murya, don ya ɗan karkace tun daga hannun Bala, sai an ɗaga shi kafin ya fito, ya ce gurum kamar tsoho mai gyaran murya.

Wannan aljihu na wata baiwar Allah ne da za a kira Rakiya a nan, ko da yake ba sunanta ba ke nan. Ma'aikaciyar lafiya ce da aka turo ɗakin shan magani na Lambara shekara uku da suka wuce. Ranar da ta fara zuwa ofis, ta jira har benci ya watse, sannan ta zaro wata tsohuwar ambulan daga lalitarta ta ajiye a gaban Malam Ɗantani.

Ta ce, "Malam, dubi wanga rubutu da kyau. In ka gan shi, kada ka aiko mani. Ka mai da shi, ka ce ba a san ni ba."

A garin da ta baro akwai wani mutum da ke yawo da allurar da ba allura ba, ruwa ne da launi a cikin kwalba. Yara huɗu suka mutu. Ita ce ta tsaya gaban alƙali ta nuna shi da yatsa. Aka ba da belinsa, ya ɓace, amma kafin ya ɓace ya aiko mata da saƙo cewa zai same ta ko ina ta shiga. Bai san inda aka mai da ita ba. Abin da yake yi shi ne, ya aika wasiƙar rajista da sunanta zuwa kowace jakar wasiƙu da ke jihar, irin wasiƙar nan mai ɗan kati a manne, wanda mai karɓa ke sa wa hannu a mayar wa mai aikowa. Inda katin ya dawo da sa hannunta, nan take.

Sau bakwai ya gwada Bodinga. Kowane karo da sabon suna da sabon gari. Amma hannu ba ya canza gari. Yana rubuta harafin farko na sunanta da wata doguwar wutsiya mai lanƙwasa zuwa hagu, yana danna alƙalami har ya kusa huda takarda. Sau bakwai Malam Ɗantani ya ɗaga aljihu na arba'in da bakwai, ya jera sabuwar ambulan kusa da tsofaffi, ya rubuta ba a san ta ba ya mayar. Kafin ya mayar yakan ɗora takarda mai shara-shara ya kwafi rubutun da sunan da aka yi amfani da shi, ya ɗinke da jan zare. Rakiya kuwa tana Lambara tana karɓar haihuwa, tana barci lafiya.

Ciwon ajalin Rariya ya fara ne a watan Satumban bara. Hedkwatar ƙungiya a birni ta sayi kwamfuta, aka ce duk abin da rassa suka sani game da wasiƙu za a kwashe a zuba wuri ɗaya, a cikin abin da suka kira rumbun bayanai, don kowane reshe ya amfana da sanin ɗan uwansa. Wanda ya kawo takardun cikewa wani jami'i ne mai suna Abdulrahman, mutum mai ladabi, wanda ya cire takalmi kafin ya shigo ofis, kuma ya yi imani da gaske alheri ya kawo. Takardar tana da gida uku: sunan mai aikowa, garinsa, sai kuma mai kyau ne ko marar kyau.

Malam Ɗantani ya juya takardar gaba da baya. Ya ce, "To ina gidan mai karɓa? Mai kyau ga wa? Kuma ina zan sa rubutun hannu?"

Abdulrahman ya ce, "Baba, na'ura ba ta san rubutun hannu ba. Suna da gari, shi ke nan. Inda anka samu saɓani, sai ta bi abin da mafi yawa sunka ce."

A nan ne Malam Ɗantani yake so jama'a su san abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya gane haɗarin tun a ranar. Amma lokacin tsuke bakin aljihu ne, damina ta yi gardama, ana ta raɗe-raɗin rage ma'aikata, shi kuma yana da baki tara a gida. Ya ji tsoron a ce tsoho ne mai taurin kai. Sai ya zauna mako uku yana cike gidaje. Da ya zo kan aljihu na arba'in da bakwai, ya rubuta a gefen takarda da ƙananan haruffa cewa wannan maganar rai ce, a tuntuɓe shi. Bai san cewa mai buga wa na'ura bayani abin da ke cikin gida kawai yake bugawa ba, ba ya kallon gefe.

Aka zo aka kwashe katunan su ma, wai don a tantance. Aka zazzage aljihu ɗari da ashirin a cikin buhun taki biyu. Tun daga ranar muryar Rariya ta canza. In an mayar da aljihu ba ta cewa ƙwas, sai ta ce fam, kamar an buga ƙwaryar da ba komai a ciki. Katunan ba su dawo ba har yau, kuma babu wanda ya iya faɗin inda suke.

Sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen shekara. A watan Maris takardar sallama ta iso wa Malam Ɗantani, duk da cike-ciken da ya yi. A makon ne kuma jerin da kwamfuta ta buga ya zo, doguwar takarda mai ramuka a gefe, shafi sittin. Aka rataye ta a ƙusa, aka ce Attahiru mai babur ya riƙa dubawa da kansa, ba sai an ɗauki wani magatakarda ba. Aka ja Rariya zuwa ɗakin buhuna, aka jingine ta a bango inda rufi ke yoyo.

Jerin ya ce Kumasi marar kyau ce. Wasiƙa uku na ƙanen Mijinyawa suka kwanta a kwando, tsohon yana can yana zaton an manta da shi. Wannan ƙarami ne.

Akwai wani shagon iri da maganin ƙwari a birni da ke aiko wa manoma jerin farashi duk shekara. Mutum talatin da ɗaya suna da shi da farin zare. Mutum ɗaya ce take da shi da ja, don mutumin nan mai allurar ƙarya ya taɓa samun ambulan ɗin shagon ya yi amfani da ita. Talatin da ɗaya suka rinjayi ɗaya. A watan Mayu wasiƙar rajista ta zo da sunan shagon, Attahiru ya bi jeri da yatsa, ya ga mai kyau, ya hau babur ya nufi Lambara. Ƙa'ida ce a sa hannu kafin a karɓa. Rakiya tana tsakiyar wanke wa wani yaro gyambo, ta goge hannu ta sa a kati tana murmushi, tana zaton takardar ƙarin girma ce. Sai da ƙarar babur ta yi nisa sannan ta juya ambulan ta ga wutsiyar harafin. Ta buɗe. Farar takarda ce a ciki, ba a rubuta komai ba.

Washegari ta iso gidan Malam Ɗantani da rana tsaka, ƙafarta duk ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa masa ambulan ɗin ta ce, "Malam, kai kac ce in kwantar da hankalina." Suka ruga ofis tare. Jakar wasiƙu ta riga ta tafi birni tun da safe, da katin a ciki. Attahiru ya dafe kai yana cewa, "Wallahi Malam, sunan na cikin masu kyau. Mi zan yi? Abin da takarda tac ce shi niy yi." Babu wanda ya ga laifinsa. Malam Ɗantani ya san wanda ya cike takardar.

Sun kai maganar gaban hukuma, aka rubuta, aka ce farar takarda ba barazana ba ce, su dawo in wani abu ya faru. Ta nemi canjin wurin aiki, aka ce sai an zauna. Kwana tara bayan haka, wani baƙo a farar mota ya tsaya a mararrabar Lambara ya sayi rake, yana tambayar masu talla ko malamar asibiti tana kwana a garin ne ko tana komawa Shagari. Wata dattijuwa mai sayar da fura, wadda Rakiya ta karɓi haihuwar jikokinta biyu, ta dube shi ta ce malamar ai an mai da ita Kajiji tun bara. Motar tana karya kwana, dattijuwar ta bar ƙwaryarta a bakin hanya ta sheƙa cikin gari.

Kafin azahar Rakiya ta bar Lambara a bayan motar albasa, kwance tsakanin buhuna, an rufa mata tamfol. Kayanta na nan a ɗaki har yau, da butarta da fitilarta. Mutum biyu ne suka san inda take, kuma Malam Ɗantani ya roƙa kada a sa shi cikinsu, don bai yarda da bakinsa ba in aka matsa masa. Ɗakin shan magani yana kulle tun ranar. Mace mai naƙuda yanzu sai a ɗora ta a amalanke zuwa Shagari. An sake ganin farar motar sau biyu, sau ɗaya a Kajiji, sau ɗaya a bakin tashar Bodinga.

Kwamfutar kuwa, an ce ta tsaya tun watan Yuni, wani ƙarfe ya ƙone a cikinta kuma babu izinin shigo da irinsa. Jerin dai yana nan a ƙusa, ana aiki da shi, babu mai iya gyara ko layi ɗaya.

Duk wannan lokaci Rariya tana ɗakin buhuna. Ruwa ya jiƙa bayanta, gara ta shiga ta ƙafar hagu. Malam Ɗantani yakan roƙi mabuɗi ya je dubiya, ya share mata ƙasar gara, ya ɗaga aljihu na arba'in da bakwai ya mayar. A ziyararsa ta ƙarshe aljihun ya fito ba tare da ya ce komai ba, katakon ya yi laushi. Ranar Talata ƙafar ta karye. Masu awon gero a waje sun ji rugum, shi ne kalaminta na ƙarshe.

Ranar Alhamis Attahiru ya zo ƙofar gidan Malam Ɗantani, bai kashe babur ba. Ya miƙo wata ambulan ya ce sunan mai aikowar ba ya cikin jeri ko ta wane ɓangare, shi ya sa ya kawo a duba. Ba ta rajista ba ce, babu katin sa hannu, mai aikowar ba ya bukatar a tabbatar masa da komai. Sunan Malam Ɗantani ne a jiki, da sunan unguwarsu, har da cewa gidan da ke kallon rijiya. Alƙalamin ya kusa huda takarda. A shekara biyar Malam bai taɓa ware wa kansa aljihu ba, don bai zaci akwai mai neman sa ba. Bai buɗe ta ba. Mai ɗakinsa Zulaihatu ta kwashe yara ta kai gidan yayanta a Danchadi, ta dawo ita kaɗai, ta ce ba za ta bar shi ya zauna da abin nan shi ɗaya ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar mahaifinta Bala kafinta, da kwandon jira, da ƙwallon zare biyu, fari da ja, jan ya kusa ƙarewa, da almakashi ɗaya, da bencin ofis, da mutum ɗari da goma sha tara waɗanda yanzu kowace takarda ke iske su yadda ta ga dama. Ta bar mutum ɗaya da ba ta da halin zuwa. Ta kuma bar Malam Ɗantani, wanda ke neman gafarar kowa, musamman wadda ba za ta ga wannan sanarwa ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya tsare na ɓoye da na sarari.

Za a yi rabuwa da ita ranar Asabar da hantsi a bayan ofishin ƙungiya. Ba za a yi mata salla ba, domin katako ce. Bala zai cire abin da gara ta rage ya koma da shi Shagari, sauran a ƙone a wurin. Kowane mai aljihu ya zo ya karɓi mariƙinsa na tagulla, kuma ana roƙon ya zo da tsofaffin ambulan ɗin da ke gidansa, ya adana su da kansa, ya koya wa iyalinsa hannun da za su yarda da shi da wanda za su guda. Tsoho Mijinyawa ya zo da wuri, wasiƙunsa uku suna jiran sa. Mariƙin na arba'in da bakwai ba za a ba kowa ba, kuma duk wanda ya zo ya ce an aiko shi karɓa, a riƙe shi da hira a aika a kira mai unguwa.

Zaman makoki kwana uku ne, a ƙofar gidan Malam Ɗantani, daga hantsi zuwa la'asar kawai. Ba a karɓar ta'aziyya ta wasiƙa. Mai zuwa ya zo da ƙafarsa, ya zo da wanda aka sani, ya tsaya daga bakin rijiya ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da ƙarfi, ya jira a amsa masa kafin ya matso.